Abin da Dokar Najeriya Ta Ce Kan Zaɓen Mataimakin Ɗan Takarar Shugaban Ƙasa

A Najeriya, ɗan takarar shugaban ƙasa bai cika ɗan takara ba sai ya fitar da wanda zai yi masa mataimaki. Sashe na 142 na Kundin Tsarin Mulki na 1999 ya ce ba za a ɗauka cewa an tsayar da shi bisa ƙa'ida ba, sai ya zaɓi abokin takara daga jam'iyyarsa, kuma idan aka zaɓi shugaban, an zaɓi mataimakin ke nan ba tare da wata ƙuri'a ta daban ba. Sashen ya kuma ɗora wa mataimaki duk sharuɗɗan da ke kan shugaba: ya zama ɗan ƙasa ta hanyar haihuwa, ya kai shekara 35, ya zama jam'iyya ce ta tsayar da shi, sannan yana da ilimin da ya kai matakin sakandare. Sashe na 187 ya shimfiɗa irin wannan ƙa'ida ga gwamnoni.

Sakamakon wannan ɗauri shi ne aibin da ke jikin takardun mataimaki yana iya kayar da su duka biyun, ko da sun lashe zaɓe. David Lyon na APC ya ci zaɓen gwamnan Bayelsa a Nuwamban 2019, amma a ranar 13 ga Fabrairun 2020, ana gobe za a rantsar da shi, yana tsaka da gwajin bikin rantsuwar a Yenagoa, Kotun Ƙoli ta soke nasararsa. Ba a same shi da laifin komai ba. Sunayen da ke cikin takardun da mataimakinsa, Biobarakuma Degi-Eremienyo, ya miƙa wa INEC ne suka saɓa wa juna, kotun kuma ta ce tikitin ɗaya ne, ba ya rabuwa. Washegari Douye Diri na PDP ya sha rantsuwa. Duk jam'iyyar da ta tsaya lissafin yanki da addini ta bar tantance takardu, ba ta koyi komai daga Bayelsa ba.

Dokar Zaɓe ta 2022, wadda aka yi zaɓen 2023 a ƙarƙashinta, ta hana sauya sunan da aka miƙa wa hukumar zaɓe sai in mai sunan ya rasu ko ya janye da kansa. Ta wannan kafa ce 'yan siyasa suka ɓullo da dabarar ɗan riƙon ƙwarya, wato a sa sunan wani amintacce kafin wa'adi ya cika, daga baya ya janye. Haka Bola Tinubu ya yi da Kabiru Masari kafin ya sanar da Kashim Shettima a Daura cikin Yulin 2022, Peter Obi ma ya yi da Doyin Okupe kafin Datti Baba-Ahmed. PDP ta kai ƙara cewa an tsayar da Shettima a kujeru biyu, ta sanatan Borno ta Tsakiya da ta mataimakin shugaban ƙasa, amma a Mayun 2023 Kotun Ƙoli ta ce PDP ba ta da hurumin tsoma baki a harkar cikin gidan wata jam'iyya.

Babu inda Kundin ya ce dole mataimaki ya fito daga wani addini ko wani yanki, shi ya sa tikitin Musulmi da Musulmi, na Abiola da Kingibe a 1993 ko na Tinubu da Shettima, bai saɓa doka ba, duk da ƙurar da na biyun ya tayar a majami'u da cikin APC kanta. Abin da ke tilasta raba daidai shi ne Sashe na 134, wanda ya ce bayan rinjayen ƙuri'u, sai ɗan takara ya samu kashi ɗaya cikin huɗu a aƙalla kashi biyu cikin uku na jihohi da Abuja. Wanda ƙarfinsa ya tsaya a shiyya ɗaya ba zai cika wannan sharaɗi ba, don haka yakan nemi mataimaki daga ɗaya ɓangaren ƙasar.

Sai dai ana yawan zuzuta ƙuri'un da mataimaki ke kawowa fiye da yadda suke. A 2023 Tinubu ya ci Borno, jihar Shettima, amma Atiku Abubakar ne ya ci sauran jihohi biyar na Arewa maso Gabas. Obi ne ya lashe Delta, inda mataimakin Atiku, Ifeanyi Okowa, yake gwamna, Atiku kuma ya lashe Kaduna, mahaifar Datti. Ɓarnar da wanda aka tsallake ke yi ta fi fitowa fili: bayan Atiku ya bar Nyesom Wike ya ɗauki Okowa, gwamnonin PDP biyar sun juya masa baya, kuma bai ci ko ɗaya daga jihohinsu ba.

Akwai kuma batun gado, wanda masu kamfe ba sa son ambata a bainar jama'a amma kowa yana lissafa shi. Sashe na 146 ya ba mataimaki kujerar idan shugaba ya rasu, kamar yadda Goodluck Jonathan ya gaji Umaru Musa 'Yar'aduwa a Mayun 2010, abin da ya rikita tsarin karɓa-karɓa na PDP. Inda doka ta daɗe da giɓi shi ne rasuwar ɗan takara ana tsakiyar zaɓe. Da Abubakar Audu, ɗan takarar gwamnan Kogi na APC, ya rasu a Nuwamban 2015 kafin a kammala zaɓen, APC ta ɗauko Yahaya Bello, mataimakin Audu kuwa, James Faleke, ya je har Kotun Ƙoli bai yi nasara ba. Sashe na 34 na Dokar 2022 ya toshe wannan giɓi, inda ya ce idan ɗan takarar shugaban ƙasa ko gwamna ya rasu bayan an fara kaɗa ƙuri'a kafin a bayyana sakamako, mataimakinsa ne zai ci gaba da takarar, ya kuma zaɓi nasa mataimakin.