In Taimako Ne, Gudun Na Mene Ne? Tambayoyi da Amsoshi kan Tseren Ƙauye

Ni malamin firamare ne a wani ƙauye na ƙasar Ringim, shekaruna sun haura 40, kuma ban taɓa cin kofin komai ba. Gudu ma malamin asibiti ne ya jefa ni cikinsa, da ya duba awona ya ce teɓa ta fara yawa. A hunturun bara matasan garinmu suka shirya tseren kilomita 5 don gyara tuƙa-tuƙar makarantarmu, wadda ta shekara ba ta ba da ruwa. Na zauna a kwamiti, na kuma shiga gudun. Tun daga nan abokai daga garuruwan maƙwabta ke tare ni da tambayoyi, ga waɗanda suka fi dawowa.

In taimako ne, me ya hana a bi gida-gida a tara kuɗin? Sai an wahalar da bayin Allah?

Tambayar da dagacinmu ya fara yi ke nan, ran shi ya daɗe, kuma bai yi laifi ba. Amsar da muka ba shi ita ce an riga an bi gida-gida har sau biyu, abin da aka samu bai kai kuɗin bututu ba. Wanda ya ce maka "sai an kwana biyu" a zaurensa, shi ne zai zaro kuɗi a filin makaranta idan ɗansa na cikin masu gudu ana kiran sunansa a lasifika. Tseren wani nau'in aikin gayya ne, sai dai babu fartanya. Kuma yana kaiwa inda ƙafar mai karɓa ba ta kai: 'yan garin da ke Kano da Dutse da Legas suka riƙa turowa ta waya, wannan ya biya wa ƙanensa, wancan ya biya wa yara goma.

Ba mu muka ƙirƙiro ba. A 1980 wani saurayi ɗan Kanada, Terry Fox, wanda ciwon daji ya sa aka yanke masa ƙafa, ya yi kwana 143 yana gudu da ƙafar roba, ya ci kilomita 5,373, yana tara kuɗin binciken cutar. Ya rasu a 1981, har gobe ana tsere da sunansa duk shekara. Namu dai famfo ne, amma dabarar ɗaya ce.

An biya kuɗin shiga, an ba na ɗaya kyauta. Wannan ba caca ba ce?

Tseren ƙafa kansa ba shi da matsala, domin ya zo a hadisi cewa Annabi (SAW) ya yi tsere da Nana A'isha, ta riga shi, bayan wasu shekaru suka sake ya riga ta. Inda malamai ke tsayawa shi ne a ɗebi kyauta daga kuɗin da 'yan tseren suka zuba. Limaminmu ya yanke mana gajeriyar hanya: kuɗin shiga ya tafi aikin famfo, ko kwabo kada a taɓa don kyauta, kyauta kuma wani na gefe ya kawo. Wani mai shago ya ba da rediyo, wani ya ba da turmin atamfa. Ku ma ku je wa naku limamin kafin ku buga sanarwa.

Wane nisa ya dace?

Kilomita 5. Kada sunan gudun yada-ƙanin-wani ya ruɗe ku: cikakkensa kilomita 42 da mita 195 ne, irin wanda ake yi a Legas tun 2016. Ko na Okpekpe a Jihar Edo, da aka fara a 2013 har 'yan Kenya da Habasha ke zuwa, kilomita 10 ne. Biyar kuwa matashi mai buga ƙwallo zai gama cikin minti 20 da 'yan kai, irina minti 35, mai tafiya a ƙasa kusan awa guda.

A auna hanyar da mitar babur, a sake aunawa da waya, don kowannensu kan yi ƙarya ɗan kaɗan.

Ban taɓa gudu ba tun ina makaranta. Zan iya?

Za ka iya, in ka ba wa jikinka wata biyu. Sau uku a mako, ana tsallake kwana tsakani. Makon farko ka yi sassarfa minti ɗaya, tafiya minti biyu, ka maimaita har minti 20. Kowane mako sassarfar ta ƙaru, tafiyar ta ragu. Ma'aunin saurin kuwa bakinka ne: in ba za ka iya amsa gaisuwa da cikakkiyar jimla ba, ka yi sauri da yawa. Huhu kan saba da wuri, gwiwa da ƙwauri su ne masu nawa, shi ya sa wanda ya ji daɗin mako na biyu ya ninka nisa yakan ƙare da ɗingishi a mako na uku.

Amma abin da ya fi gwiwa wuya a wajenmu shi ne ido. A ƙauye in an ga magidanci yana gudu, tambaya ɗaya ce: "Lafiya?" Ranar farko da na bi ta bayan gari, wani dattijo da ke kan jaki ya waiga bayana ya ga ba mai bina, ya ce, "Malam, wa ya rasu?" Sai na koma fita da an idar da sallar asuba, ina bin hanyar gonaki. Bayan mako uku ba mai tambaya kuma. Yara biyu ma suka fara bina.

Sai da takalmi mai tsada?

A'a. Abebe Bikila na Habasha ba takalmi ya lashe gudun Olamfik a Rum a 1960. Sai dai Rum ba ta da ƙarangiya da tsakuwar burji. Kambas na gwanjo ya isa, muddin ya saba da ƙafarka kuma akwai ɗan fili gaban babban yatsa. Sabo fil ranar tsere bororo ne kawai. Silifas kuwa a bar shi a gida.

Wane lokaci ne na shekara ya fi?

Daga ƙarshen Nuwamba zuwa Janairu. An gama girbi, aljihu da ɗan nauyi, safiya da sanyi. A Afrilu zafi kan haura digiri 40 a Kano da Jigawa, wanda ya sa mutane gudu a lokacin ya nemi magana. Da damina kowa na gona, hanya kuma taɓo. Azumi ba sai an faɗa ba. Aibin hunturu ɗaya ne, ƙura: in hazo ya sauka sosai, masu asma su zauna.

A tashi da ƙarfe 7, kafin 8:30 kowa ya dawo. Kuma a dubi ranar kasuwa. Wanda ya sa tsere ranar Juma'a a kan hanyar Wudil, ko Alhamis a wajen Maigatari, da motocin shanu zai yi tseren.

Wa za a sanar, kuma wace hanya za a bi?

Mai unguwa, dagaci, shi ya kai wa hakimi. Daga nan takarda zuwa ofishin 'yan sanda. In za a taka kwalta, sai an sanar da jami'an kiyaye haɗurra, amma shawarata a guji kwalta gaba ɗaya, a bi burji. 'Yan sintiri da 'yan agaji su tsaya a hanya, babur ɗaya a gaba, ɗaya a bayan mutum na ƙarshe.

Nan ne muka yi kuskure. Mun zaɓi hanya mai zagaye gari, muka zana kibiya da toka a kowace mararraba tun daren jajibiri. A mararraba ta uku ba mu ajiye kowa ba, wai ai ga alama. Da sassafe garken shanu ya bi ta wurin ya tattake tokar, babur ɗin gaba kuma ya tsaya taimakon wani yaro da ya faɗi. Samari uku da ke kan gaba suka miƙe sak, sai da suka hango masallacin garin gaba suka gane. Rigimar rediyon nan ta kai mu har zauren dagaci. Yanzu abin da nake cewa: a tafi kilomita biyu da rabi, a zagaya mutum mai riƙe da tuta, a dawo ta inda aka bi. Toka ba ta magana.

Ranar tseren me zan ci, kuma yaya zan fara?

Koko kaɗan ko dabino uku awa ɗaya kafin tashi. Ƙosai da fura su jira a dawo. Ruwa kurɓi-kurɓi; a kilomita 5 da sanyin safiya, teburin ruwan leda ɗaya a tsakiya da wani a ƙarshe sun wadatar, a kuma sa yara su tsince ledojin kafin awaki su riga su.

Farawa kuwa, ka bar su su tafi. Da aka busa usur yaranmu suka fyalla kamar an saki 'yan maruƙa, na tsinci kaina kusan na ƙarshe, kunya ta kama ni. Kafin kilomita ɗaya na tarar da rabinsu a gindin darbejiya, hannu a gefen ciki. Ni ma ban tsira ba: a kilomita ta huɗu wani mai ga-ruwa da ya girme ni, da wandonsa naɗe zuwa gwiwa, ya wuce ni yana cewa, "Sannu Malam, a yi haƙuri." Ban sake ganin ƙeyarsa ba sai a filin makaranta.

Wa bai kamata ya shiga ba?

Mai zazzaɓi a ranar, ko da ya biya. Mai hawan jini, ciwon zuciya, ciwon suga ko sikila sai ya ga likita tukuna, in an hana shi gudu ya yi tafiya ko ya riƙe tuta. Duk wanda ya ji ƙirjinsa ya ɗaure ko jiri ya tsaya nan take. Wanda aka ga yana tangaɗi, yana surutai marasa kan gado, zafi ne ya buge shi: a kai shi inuwa, a kwarara masa ruwa a jiki, a yi ta fifita, a nufi asibiti ba tare da jira ba. In ya suma kada a ɗura masa ruwa a baki. Saboda haka ne ake roƙon malamin asibiti ya zo, da mota guda mai mai a ciki, direbanta a zaune.

Mata fa?

Kowane gari da yadda ya ga dama. Mu ɗalibai mata sun yi nasu a filin makaranta, iyaye mata suka yi tafiyar kilomita 2 da hijabansu bayan maza sun tashi. Kuɗin da suka tara ta hanyar adashinsu ya ba mu kunya.

Bayan an gama, yaya za a san kuɗin sun je inda aka ce?

Mutum biyu su riƙe: ma'aji da mai littafi, kuma kada su zama 'yan gida ɗaya. Duk wanda ya biya a ba shi rasit mai lamba, lambar nan ita za a rubuta a kwali a manna masa a riga. Abin da aka turo ta waya a karanta shi a lasifika. A ƙirga kuɗin a ranar, a gaban dagaci da liman, kafin taro ya watse. Mu mun rubuta abin da ya shigo da abin da ya fita, har kuɗin ruwan leda da man babur, muka liƙa a bangon masallacin Juma'a. Ragowar da ta saura bayan mai gyara ya karɓi nasa muka sayi alli da ita, shi ma rasit ɗinsa na nan a bangon, ƙura ta ci rabin rubutun.