Makarɓan saƙo da kumburin hanji a cutar tsutsa da makamantanta

Makarɓan saƙo wasu furotin ne da ke kan fatar ƙwayoyin halitta ko a cikinsu. Kowanne na da siffar abin da yake kamawa, kamar kwaɗo da mabuɗinsa, kuma da zarar ya kama sai ƙwayar ta canza aiki. A hanji su ne ke fara jin shigowar tsutsar ciki, amiba ko Toxoplasma (wata ƙaramar ƙwayar cuta), kuma galibi su ke yanke ko kumburin da zai biyo baya zai kori baƙon ne ko kuwa zai ci hanjin kansa. Batun ba ƙarami ba ne, domin Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kimanin mutum biliyan 1.5 na ɗauke da tsutsotsin da ake ɗauka daga ƙasa.

Dangin makarɓan da aka fi sani shi ne TLR. Jules Hoffmann ya nuna aikin irinsa a jikin ƙuda a 1996, Bruce Beutler kuma ya gano a 1998 cewa TLR4 ne ke gane wani sinadarin bangon bakteriya, aikin da ya ba su kyautar Nobel a 2011. A ɓera, TLR11 da TLR12 na gane furotin ɗin profilin na Toxoplasma gondii. A mutum kuwa TLR11 ba ya aiki, abin da ke sa a yi hattara wajen ɗora sakamakon ɓera a kan ɗan Adam. Idan aka ba wasu ɓeraye wannan cuta ta baki, ƙarshen ƙaramin hanjinsu kan yi mummunan kumburi. Abin lura shi ne, yawancin ɓarnar ba daga baƙon take ba. Bango ne ke tsagewa, bakteriyar da ta saba zama lafiya a hanji ta kutsa ciki, TLR4 ya gan ta, wuta ta ƙara ruruwa.

Tsutsa ta fi ƙarfin ƙwayoyin garkuwa su haɗiye ta, don haka jiki kan bi wata hanya dabam. A 2016 aka tabbatar cewa wasu ƙwayoyi masu tukku a bangon hanji, waɗanda aka daɗe ba a san amfaninsu ba, su ne ke sakin wani sinadarin saƙo mai suna IL-25. Wannan saƙo kan tayar da ƙwayoyin garkuwa na ILC2, su kuma su saki IL-13, wanda ke sauka a kan makarɓin IL-4Rα. Daga nan majina ta yawaita, ruwa ya cika hanji, tsokarsa ta riƙa matsawa da ƙarfi har a share tsutsar waje. Zawo da murɗar cikin da mara lafiya ke kuka da su, wani ɓangarensu wannan sharar ce.

Tsutsar ma ba ta zauna hannu rabbana ba. Heligmosomoides polygyrus, tsutsar hanjin ɓera, na fitar da furotin HpARI da ke ɗaure IL-33, wani saƙon da ke tayar da garkuwa, da HpBARI da ke toshe makarɓinsa ST2, sannan da Hp-TGM da ke kwaikwayon wani saƙon jiki mai suna TGF-β don ƙara ƙwayoyin T masu kwantar da garkuwa. Shi ya sa masu neman maganin asma da cututtukan kumburin hanji ke sa ido a kan waɗannan furotin.

A atunin amiba, TLR2 da TLR4 na gane wani sinadarin fatar Entamoeba histolytica, wato amibar da ke haddasa shi. Wani bincike a kan yara a Bangladesh, da aka wallafa a 2011, ya nuna cewa ɗan bambanci na gado a makarɓin leptin, wato sinadarin da ke da hannu wajen ƙoshi da yunwa, na ƙara haɗarin kamuwa da amiba. Wannan makarɓi yana taimaka wa ƙwayoyin bangon hanji su tsira daga mutuwa idan amiba ta manne musu.