Maasai: Makiyayan Kenya da Tanzaniya

Maasai al'umma ce ta makiyaya da ke zaune a kudancin Kenya da arewacin Tanzaniya. A Kenya sun fi yawa a gundumomin Narok da Kajiado, a Tanzaniya kuwa a jihohin Arusha da Manyara. Ƙidayar Kenya ta 2019 ta samu mutum 1,189,522 daga cikinsu. Harshensu shi ne Maa, ɗaya daga harsunan dangin Nilu, kuma Samburu na arewacin Kenya ma wani karinsa suke yi. Duniya ta san su da jan mayafi da mashi da rawar tsalle, amma wanda ke son fahimtarsu sai ya dubi abu biyu: saniya, da ƙasar da saniyar za ta ci ciyawa. Kusan duk labarinsu a kan waɗannan yake juyawa.

Asali da tarihi

Tarihin baka ya nuna kakanninsu sun gangaro ne daga arewa, daga wajen tafkin Turkana, tun wajen ƙarni na 15, suna tafe suna kiwo. A tsakiyar ƙarni na 19 ƙarfinsu ya kai matuƙa, makiyayarsu ta miƙe daga Marsabit a arewa har kusa da Dodoma a kudu. Fatake daga bakin teku ba sa ratsa ƙasarsu sai da shiri da biyan kuɗin hanya. Sawunsu na nan a sunayen wurare. Nairobi daga Enkare Nyirobi take, wato ruwa mai sanyi, domin mashayar shanunsu ce kafin layin dogo daga Mombasa ya iso wurin a 1899.

Ba su taɓa zama ƙarƙashin sarki ɗaya ba. Sun kasu yankuna da ake kira iloshon, irin su Purko da Kisongo da Loita da Kaputiei, kowanne da makiyayarsa da dattawansa.

Daga 1883 zuwa 1902 bala'i ya sauka, lokacin da suke kira Emutai, ma'ana shafewa. Ciwon huhun shanu ne ya fara, sannan annobar shanu ta bushiya, sannan agana ta faɗa wa mutane, ga fari. Bushiyar nan ita ce wadda ta ratsa nahiyar har ta ƙarar da garkunan Fulani a ƙasar Hausa a farkon shekarun 1890. Mafi yawan shanun Maasai sun mutu, yunwa ta bi ta kan jama'a. Ana cikin haka 'ya'yan babban malamin duba Mbatian, wato Olonana da Senteu, suka shiga rikicin gado. Turawa sun iske mutanen da annoba da yaƙin gida suka riga suka karya, shi ya sa ba a yi wani babban yaƙi ba kafin ƙasa ta suɓuce.

A 1904 Ingila ta sa aka rattaba hannu a yarjejeniyar da ta fitar da su daga makiyayar Naivasha da Nakuru, aka keɓe musu yanki biyu, Laikipia a arewa da wani a kudu, da alkawarin cewa abin zai ɗore muddin akwai Maasai a duniya. Shekara bakwai kawai alkawarin ya yi. A 1911 aka sake wata yarjejeniya, aka kwashe su daga Laikipia aka ba Turawa manoma. Wasu daga cikinsu sun kai ƙara kotu a 1912, abin da ba a saba gani ba a zamanin, amma a 1913 aka kori ƙarar da hujjar cewa yarjejeniya ce tsakanin ƙasashe biyu, kotu ba ta da hurumi. Hukunci ne mai wuyar karewa: mutanen da ake mulka aka kira ƙasa mai 'yanci a ranar da hakan zai hana su haƙƙinsu.

Saniya da addini

Abin bautarsu na gargajiya guda ne, Enkai, mai siffa biyu: baƙi, mai rahama da ruwan sama, da ja, mai fushi da fari. Dutsen Ol Doinyo Lengai mai aman wuta, kusa da tafkin Natron, sunansa na nufin dutsen Enkai. Malamin duba, oloiboni, shi ke magani da faɗin abin da ke tafe da sa albarka ga bukukuwa, kuma gadon gida ne. Yau da yawansu Kirista ne, akwai kuma Musulmi kaɗan.

Hikayarsu ta ce Enkai ya sauko musu da shanu daga sama, ya damƙa musu dukan shanun duniya. Da wannan ne a da suke kafa hujjar kai hari su kore garken maƙwabta, a ganinsu kayansu suka karɓo. Arzikin mutum shanu ne da 'ya'ya, mai ɗaya babu ɗaya bai cika mai arziki ba. Da shanu ake biyan sadaki da diyya. Akwai kuma zumuncin da suke kira osotua, kalmar da asalinta igiyar cibiya ce: wanda fari ya cinye wa garke zai roƙi amininsa, shi kuwa ya ba shi ba tare da lissafin bashi ba.

Abincin asali madara ne da nama da jini. Madara ce ta kullum, ana zuba ta a doguwar gora da aka turara da itacen zaitun na daji har ta yi tsami. Jini kuwa daga jijiyar wuyan sa ake ɗiba da gajeriyar kibiya, a toshe wurin, dabbar ta tashi ta ci gaba da kiwo, kuma an fi ba mai jego da wanda aka yi wa kaciya da mara lafiya. Shanu ba a cika yanka su ba sai da biki, awaki da tumaki ne na yanka. Yanzu tuwon masara da shayi sun shiga kowane gida.

Tsarin tsara

Abin da ya riƙe al'ummar maimakon sarauta shi ne tsara. Wajen kowace shekara 15 ake buɗe sabon rukuni, kuma waɗanda aka yi wa kaciya a cikinsa sun zama 'yan uwa har mutuwa, da suna ɗaya. Ana farawa da bikin Enkipaata, sannan kaciya, wadda ake yi ba tare da maganin kashe zafi ba. Yaron da ya motsa ko ya yi ƙara ya ja wa gidansu abin kunya, kamar yadda yake ga saurayin Bafulatani a filin sharo.

Daga nan ya zama jarumi, moran. Jarumai na zama a sansaninsu, emanyatta, su bar gashi ya yi tsawo, su kitse shi su shafe da jar ƙasa da kitse. Dokokinsu masu tsauri ne: jarumi ba ya shan madara shi kaɗai, ba ya cin naman da matar aure ta gani. Hikimar a fili take, domin ɗan mai garke da ɗan talaka dole su ci tare. A bikin Eunoto uwa ke aske wa ɗanta wannan gashi, sau da yawa yana kuka, daga nan ya samu izinin aure. Olng'esherr, bikin cin nama, shi ke mai da shi cikakken dattijo mai bakin magana a taro. A 2018 hukumar al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, UNESCO, ta sa bukukuwan nan uku, Enkipaata da Eunoto da Olng'esherr, cikin al'adun da ke bukatar ceto na gaggawa.

Gida da mata

Rugarsu, enkang, zagaye take da shingen ƙaya, shanu na kwana a tsakiya saboda zaki da kura. Mata ke gina ɗakuna da itace da laka da kashin shanu, su ke tatsa, su ke ɗebo ruwa da itace, su ke tsara duwatsun ado masu faɗi da ake sawa a wuya. Auren mace fiye da ɗaya abu ne sananne. Jan mayafin nan, shuka, bai daɗe ba, don sai wajen shekarun 1960 ya maye gurbin fata.

Kaciyar mata da aurar da ƙananan yara suna nan, duk da dokar Kenya ta 2011 da ta haramta kaciyar. Masu yaƙi da ita mafi tasiri 'yan gida ne, irin su Nice Nailantei Leng'ete, wadda ta gudu daga kaciya tana yarinya, daga baya ta shawo kan dattawa su karɓi bikin balaga da ba a zubar da jini.

Halin yau

Manyan gandayen namun dajin da baƙi ke tururuwa gani, Serengeti da Maasai Mara da Amboseli, duk makiyayarsu ce a da. A 1959 aka fitar da su daga Serengeti aka bar musu Ngorongoro su zauna tare da namun daji. Yanzu gwamnatin Tanzaniya na kwashe iyalai daga can zuwa Msomera a jihar Tanga, tana cewa da yardarsu ne, mazauna da yawa kuma na cewa an matse musu asibiti da makaranta ne don su tashi. A Yunin 2022 an yi arangama a Loliondo lokacin da aka shata murabba'in kilomita 1,500 domin namun daji. Abin takaici a nan shi ne mutanen da ba su da al'adar cin naman daji, waɗanda dabbobin suka rayu a gefensu ƙarni bayan ƙarni, su ake nuna wa yatsa.

A Kenya matsalar ta ɗauki wata kama. Filayen haɗaka da dokar 1968 ta kafa an yayyanka su an sayar, shingen waya ya tare burtali, ga farin 2009 da na 2020 zuwa 2022 da suka kashe shanu masu yawa. Samari da dama sun koma birane suna gadi ko kitso ko sayar da maganin gargajiya, wasu sun yi boko sun yi nisa. Edward Sokoine, wanda ya yi firaministan Tanzaniya sau biyu kafin rasuwarsa a hatsarin mota a 1984, Bamaasaye ne, haka ma David Rudisha da ya kafa tarihin gudun mita 800 a Landan a 2012. Farautar zaki, wadda a da ita ce shaidar jarumta, an haramta ta, kuma tun 2012 jarumai a yankin Amboseli ke gasar gudu da jifan mashi da tsalle a madadinta, inda rukunin da ya yi nasara ke tafiya da bijimi.