Mene ne lambun sararin samaniya?

A ranar 10 ga Agusta, 2015, 'yan sama jannati uku, Scott Kelly da Kjell Lindgren da Kimiya Yui, suka tsinki ganyen jan latas a cikin Tashar Sararin Samaniya ta Ƙasa da Ƙasa, suka goge shi, suka ci. A can aka shuka shi, a can ya girma, kimanin kilomita 400 sama da doron ƙasa. Tun daga lokacin ake yawan jin "lambun sararin samaniya" a labarai, kuma mai jin kalmar yakan ɗauka wani ɗan fili ne da aka yi don nishaɗi. Abin ya wuce nan.

Lambun sararin samaniya ɗaki ne ko akwati rufaffe ruf, wanda injiniyoyi suka ƙera domin shuka ta rayu a wurin da babu ruwan sama, babu ƙasar noma, babu iskar da ke kaɗawa. Haske da zafi da laima da ruwa da taki, duk na'ura ce ke auna su tana bayarwa. Aikin da ake so shukar ta yi kuwa uku ne a lokaci guda. Ta ba da abinci, ta zuƙe iskar kabon dayoksaid da mutum ke fitarwa ta mayar masa da oksijin, sannan ta tace ruwa, domin ruwan da saiwa ta sha yakan fita ta ganye a matsayin tururi mai tsabta, a tare shi a sake sha. Wato abin da mutum ya zubar shi ne cimar shuka, abin da shuka ta fitar shi ne rayuwar mutum. Wannan zagayen shi ne zuciyar kalmar.

Dalilin neman hakan lissafi ne. Mutum ɗaya yana shaƙar kusan giram 840 na oksijin a rana, yana fitar da kusan kilo ɗaya na kabon dayoksaid, ga abinci, ga ruwa. Tashar da ke kewaya duniya tana kusa, kumbon kaya na zuwa mata a kai a kai. Amma tafiya duniyar Mars da dawowa za ta ci kusan shekara 3, kuma babu mai biyo ka da guzuri. Ko da an iya loda abincin shekara ukun, wasu sinadaran gina jiki kamar bitamin C da B1 suna raguwa a cikin abincin da aka daɗe da ƙunshewa. Masanin nan ɗan Rasha, Konstantin Tsiolkovsky, ya hango wannan tun farkon ƙarni na 20, tun kafin a harba komai sama, ya rubuta cewa masu zama a can sai sun tafi da shuke-shukensu.

Ni a ganina, abin da ya fi ban sha'awa a wannan fanni shi ne yadda ya tona mana irin hidimar da nauyi, wato janyowar da duniya ke yi wa komai zuwa ƙasa, ke yi wa shuka a doron ƙasa ba tare da mun lura ba. Ɗauki ruwa. A nan idan ka yi ban ruwa, ruwan yakan nutse ƙasa, iska ta biyo bayansa ta cike guraben, saiwa ta samu ruwa ta kuma samu numfashi. A inda babu nauyi, ruwa ba ya gangarawa ko'ina. Yakan dunƙule ya manne wa saiwa kamar ƙwallo, ya toshe mata iska har ta ruɓe, alhali ɗan nesa kaɗan wata saiwar na bushewa. Ba ka da tsaka-tsaki sai ka ƙirƙire shi. Shi ya sa a na'urar Veggie, wadda NASA, hukumar sararin samaniyar Amurka, ta kai tashar a 2014, ake shuka iri a cikin wasu 'yan matasai da aka cika da ɓarɓashin gasasshen yumɓu da taki mai narkewa sannu a hankali, da lagwani da ke jawo ruwa zuwa ga tsiron. Duk da haka, har yau ban ruwa shi ne ya fi ba su ciwon kai.

Haka iska. A ƙasa, iska mai ɗumi takan tashi sama, mai sanyi ta maye gurbinta, don haka ganye kullum yana samun sabuwa. A can ba ta motsi da kanta. Oksijin da laimar da ganye ya fitar sai su tsaya su lulluɓe shi, kabon dayoksaid ɗin da yake bukata ya ƙare a gefensa. Dole fanka ta yi ta aiki dare da rana. A ƙarshen 2015 furannin ziniya da aka shuka a Veggie sun kama funfuna saboda laima ta yi yawa, sai da aka ƙara ƙarfin fanka aka yanke ganyen da suka kamu, sannan suka farfaɗo suka yi fure a Janairun 2016.

Akwai wani darasi daga tashar Mir ta Rasha da ya kamata duk mai son fahimtar wannan kalma ya sani. A cikin lambun SVET, wanda masanan Bulgeriya suka ƙera, an shuka gajeriyar alkama a 1996. Ta yi kyau, ta fitar da zangarniya da yawa, kowa ya yi murna. Da aka dawo da ita ƙasa aka duba, babu tsaba ko ɗaya. Da farko an zargi rashin nauyi. Daga baya aka gano iskar etilin ce, wadda tsirrai da kansu ke fitarwa, ta taru a cikin rufaffiyar tashar ta hana furen ɗaukar ciki. A fili iska ke kwashe ta, a rufaffen wuri sai an sa na'urar da za ta tace ta. Kafin wannan, a 1982, wani ɗan ƙaramin tsiro mai suna Arabidopsis ya riga ya yi fure ya ba da iri a tashar Salyut 7 ta Tarayyar Sobiyet, kuma a 2022 masanan Sin sun noma shinkafa daga iri zuwa iri cikin kwana 120 a tasharsu ta Tiangong. Saboda haka tambayar ko shuka na iya hayayyafa a can ta samu amsa.

Tambayar da ta rage ita ce ta yawa. Binciken NASA ya nuna cewa, da haske mai ƙarfi, mutum ɗaya na bukatar murabba'in mita 20 zuwa 25 na shuka don samun oksijin ɗinsa, da 40 zuwa 50 don cikakken abincinsa. Filin Veggie bai kai rubu'in murabba'in mita ɗaya ba. Hoton ɗan sama jannati riƙe da barkono, kamar wanda aka girbe a 2021, abin farin ciki ne, kuma su kansu suna yawan faɗin yadda ganin kore da jin ƙamshinsa ke kwantar musu da hankali. Sai dai wannan ɗanɗano ne kawai. Ainihin gwajin rayuwa da shuka a doron ƙasa ake yin sa.

A Krasnoyarsk da ke Saberiya, masanan Tarayyar Sobiyet sun gina BIOS-3, inda mutum uku suka zauna a rufe tsawon kwana 180 tsakanin 1972 da 1973, alkama da kayan lambu da gansakukar ruwa suna sabunta musu iska da ruwa. A jami'ar Beihang da ke Beijing, ɗalibai sun yi kwana 370 suna karɓa-karɓa a cikin wani rufaffen ɗakin gwaji mai suna Yuegong-1 daga 2017 zuwa 2018, aka sake sarrafa kusan kashi 98 cikin 100 na abin da suke bukata. Jamusawa kuma sun kafa lambun gwaji mai suna EDEN ISS a Antatika, suka girbe kilo 268 na kayan lambu a murabba'in mita 12.5 cikin wata tara da rabi. Ba duka aka yi nasara ba. A Biosphere 2, wani rufaffen ginin gwaji da ke Arizona a Amurka, mutum takwas sun shiga a 1991, oksijin ya yi ta raguwa daga kashi 21 cikin 100 na iskar ciki har ya kusa 14, sai da aka tura musu daga waje. Ƙwayoyin halittar cikin ƙasar noman ne suka yi ta cinye shi, kabon dayoksaid ɗin da suka fitar kuma kankaren ginin ya shanye, bai koma ga tsirrai ba. Wa zai yi zaton bango zai shiga lissafin numfashi? A rufaffen zagaye komai yana shiga.

Wannan ne ma ya sa sharar shuka ta zama babban batu. Kusan rabin alkama kara ne da ƙaiƙayi da saiwa, kuma sinadaran da ke cikinsu dole su koma cikin zagayen, haka ma bayan gida da fitsari. A Yuegong-1 an ciyar da wasu tsutsotsi da ragowar amfanin gona, mutane suka ci tsutsotsin don samun furotin. Shirin MELiSSA na hukumar sararin samaniyar Turai, wanda aka fara a 1989, yana amfani da tankuna na ƙwayoyin bakteriya da ke narkar da shara mataki-mataki har ta koma taki, kuma ana gwada shi a Barcelona.

Sai haske, wanda shi ne mafi tsada. Ana amfani da fitilun LED ja da shuɗi domin su ganye ya fi sha, a ƙara ɗan kore don idon mutum ya iya gane lafiyar shukar. Hasken ranar da ke isa Mars bai kai rabin na duniyarmu ba, ƙasarta kuma tana ɗauke da gishirin fakulorat mai guba da sai an wanke. A duniyar wata, dare ɗaya yana ɗaukar kusan kwana 14. A Janairun 2019 kumbon Chang'e 4 na Sin ya sauka a bayan wata ɗauke da ɗan gwangwani mai iri iri-iri, irin auduga ya tsiro a ciki. Da daren ya shigo, babu wutar da za ta ɗumama gwangwanin, tsiron ya daskare. Duk wanda zai gina lambu a can, sai ya fara samo wutar lantarkin da za ta riƙe fitilu da fanka da famfo tsawon waɗannan makonni biyu na duhu.