Koma-bayan Barcin Laftof a Kanel na Linux

Koma-bayan barci matsala ce da ke samun laftof bayan an sabunta kanel, wato zuciyar Linux, manhajar da ke sarrafa kwamfuta. Na'urar da a da take yin barci da zarar an rufe murfinta, ta kuma farka lafiya idan an buɗe, sai ta daina yin haka ba tare da an taɓa komai a jikinta ba. Wani lokaci fuskarta kan tsaya baƙi ƙirin alhali fanka na juyawa, wani lokaci ta farka ba Wi-Fi, wani lokaci kuma ta ƙi barcin tun farko, ta yi ta cin batir a cikin jaka har ta ɗauki zafi. A gari kamar Zariya, inda ɗalibai da yawa a Samaru da Kongo ke aiki da laftof na hannu, kuma suke tattalin caji saboda ɗauke wuta, wannan ba ƙaramar hasara ba ce. Sau da yawa batir ake fara zargi a kai wa mai gyara, alhali ba shi da laifi.

Yadda barcin ke gudana

Ƙa'idar sarrafa wutar kwamfuta mai suna ACPI, wadda kamfanonin Intel da Microsoft da Toshiba suka fitar a 1996, ita ce ta tsara matakan barci. A matakin S3 ana kashe kusan komai, a bar RAM, wato ma'ajiyar wucin gadi, kaɗai da 'yar wutar da za ta riƙe abin da ke cikinta. Sababbin laftof da dama sun koma wani salo da Linux ke kira s2idle, inda kanel da kansa ke kwantar da kowane sashe. Fayil ɗin /sys/power/mem_sleep ne ke nuna wanda na'ura take amfani da shi. Ko wanne ne, kanel yakan daskarar da manhajojin da ke aiki, sannan ya bi direbobi, wato ƙananan manhajojin da ke tafiyar da kowane sashe na laftof, ɗaya bayan ɗaya yana kwantar da su, a farkawa kuma ya biyo hanyar daga ƙarshe zuwa farko. Direba ɗaya tak da ya maƙale ya isa ya riƙe kowa.

Binciken farko

Abu na farko shi ne a tabbatar koma-baya ne da gaske. Ana zaɓar tsohon kanel daga jerin GRUB, manhajar da ke loda kanel lokacin kunnawa, a gwada barci. Idan tsohon ya yi lafiya sabon ya ƙi, an wanke batir da sauran kayan cikin na'urar ke nan. Bayan haka umarnin journalctl -b -1 yakan nuna rahoton kunnawar da ta gabata. Sai dai a nan ne wahalar wannan aiki take, domin galibi na'urar kan sandare ne a daidai lokacin da faifan ajiya da fuska suke kwance, saboda haka saƙon da aka fi buƙata ba ya samun inda za a rubuta shi.

Don haka aka tanadi /sys/power/pm_test. Idan aka rubuta freezer, ko devices, ko platform, ko processors, ko core a cikinsa, sannan aka umarci na'ura ta yi barci, kanel zai tafi har wannan matakin, ya jira daƙiƙa 5, ya dawo ba tare da ya yi cikakken barci ba, kuma matakin da ya fara gazawa shi ke nuna inda za a duba. Akwai kuma pm_trace, dabara mai ban sha'awa: tunda agogon allon uwa (motherboard) ba ya mantuwa ko an kashe na'ura, kanel yakan ajiye alamar direban da yake kai a cikinsa. Idan aka sake kunnawa cikin gaggawa, umarnin dmesg, mai nuna saƙonnin kanel, zai nuna sashen da ake zargi. Lokaci da kwanan wata kan lalace bayan wannan gwaji, dole a saita su daga baya.

Raba tarihi gida biyu

Idan duk wannan bai fito da mai laifi ba, sai a koma ga git bisect, umarni ne na Git, manhajar da ke ajiye tarihin canje-canjen kanel. Sabon kanel yakan fito kusan duk mako 9 zuwa 10, ɗauke da canje-canje sama da 10,000, kuma ba mai iya karanta su duka. Ana shaida wa Git sigar da take lafiya da wadda ta lalace, shi kuma ya zaɓi ta tsakiya. A harhaɗa ta, wato a gina kanel daga gare ta, a kunna, a gwada barci, a ba da hukunci, sai ya watsar da rabin da ba ruwansa. Zagaye kusan 14 sun isa a kai ga canji guda.

Dabarar ba ta da wuya, amma ba ta yafe gaggawa. Hukunci ɗaya na kuskure zai karkatar da binciken gaba ɗaya, a ƙarshe a kama canjin da bai san hawa ba bai san sauka ba. Wannan ya fi faruwa idan matsalar ba kullum take bayyana ba, don haka kafin a ce siga tana lafiya ya kamata a maimaita gwajin sau da yawa, misali da rtcwake -m mem -s 30, wanda ke kwantar da na'ura ya tashe ta bayan daƙiƙa 30. A tsohuwar laftof harhaɗa kanel yana cin lokaci, amma make localmodconfig yana rage aikin sosai domin direbobin da ake amfani da su kaɗai yake ɗauka, kuma Git yana ajiye inda aka tsaya, ko wuta ta ɗauke ba a komawa farko. Idan an samu canjin, ana janye shi da git revert a sake gwadawa don tabbatarwa.

Kai rahoto

Linus Torvalds, wanda ya fara Linux a 1991, ya daɗe yana riƙe da ƙa'idar cewa sabon kanel bai kamata ya ɓata abin da ke aiki ba, saboda haka rahoton koma-baya yana da nauyi. Fayil ɗin MAINTAINERS yana nuna mai kula da kowane sashe. Rahoto mai amfani yakan ƙunshi samfurin laftof, sigar BIOS (manhajar da ke fara tayar da kwamfuta), lambar canjin da aka gano, da abin da dmesg ya nuna. Yana da muhimmanci masu tsofaffin na'urori su riƙa kai shi, domin mai yiwuwa wanda ya rubuta canjin ba shi da irin laftof ɗin da zai gwada a kai. Kafin gyara ya iso, ana iya ci gaba da tsohon kanel, ko a gwada saitin kunnawa na mem_sleep_default=deep, wanda ke zaɓar S3, idan na'urar tana karɓarsa.