Inganta irin rogo da hasken gamma

Inganta iri da hasken gamma dabara ce ta masana noma, inda ake haska wa iri ko reshen shuka radiyeshin da gangan don ƙwayoyin gadonsa su sauya, sai a shuka da yawa a tsinci wanda ya fito da hali mai kyau. Abin ba sabo bane, tun 1928 wani Ba'amurke Lewis Stadler ya gwada hasken eksire kan sha'ir da masara, a 1964 kuma hukumar abinci da noma ta Majalisar Ɗinkin Duniya (FAO) da hukumar makamashin nukiliya ta duniya (IAEA) suka haɗa gwiwa kan aikin. Yau iri sama da 3,000 aka fitar ta wannan hanya, galibi shinkafa da alkama da sha'ir, rogo kam rabonsa kaɗan ne.

Toh me ya kawo rogo ciki? Shi rogo da karansa ake dasa shi, fure ba kowane iri ke yi sosai ba, shi yasa auratar da iri biyu ke cin shekaru, ga matsalolinsa kuma ba sa jira, akwai cutar mozayik da farin ƙuda ke yaɗawa tana nannaɗe ganye, akwai gubar sayanayid a mai ɗaci, uwa uba saiwar da zarar an tone ta kwana biyu zuwa uku ta fara baƙi daga ciki. Duk ɗan kasuwarmu da ya taɓa sauke lodi a kasuwar Mile 12 ta Legas bayan mota ta kwana a goslo ya san wannan asarar. Najeriya ce kuma kan gaba a noman rogo a duniya.

Ana yanka karan gajeru ko a ɗauki ƙananan tsiro na ɗakin gwaji, a haska musu gamma daga sinadarin kobalt-60. Awon ne wahalar, in ya yi yawa tsiron ya mutu, in ya gaza ba abin da zai sauya. Kuma sauyin sa'a ce kawai, ba mai zaɓa, wani lokaci ma ɓangare ɗaya na tsiron ke sauyawa, dole a yi ta yanka ana sake dasawa har halin ya zauna.

Misalin da aka fi sani shi ne Tek Bankye da Gana ta fitar a 1997, an so shi ne don yana dakuwa da kyau wajen yin fufu. Masu tsoron wai nukiliya ce a garin kwakinsu, hasken ratsawa yake yi ya wuce, ba ya zama a saiwar, kuma ba a sa masa ƙwayar gadon wata halitta daban kamar yadda ake yi wa irin da ake kira GMO.