Shekara biyu a shagon oga ba albashi, asara ce ko jari?

Tambaya: Wai me ake nufi da mutum ya zuba jari a kansa, ba a kasuwa ake zuba jari ba?

Amsa: Ana nufin ka kashe lokacinka da ɗan abin hannunka yau a kan abin da sai bayan shekara biyar ko goma zaka ci moriyarsa, kamar mai dasa dabino, ya san ba bana zai ci ba amma kullum yana ban ruwa. Sana'ar hannu, karatu, lafiyar jiki, har riƙon amanar da mutane za su sanka da shi. A hadisin Ibn Abbas an ce a ribaci biyar kafin biyar, kuma ƙuruciya kafin tsufa aka fara ambata.

Tambaya: Ni fa ina jan Keke Napep kullum ina samun na cefane, sai in ajiye in tafi kasuwar waya ta Farm Centre a Kano koyon gyaran waya ba ko sisi?

Amsa: Ɗan'uwa ba wanda ya ce ka ajiye gaba ɗaya, iyali ba za su ci alkawari ba. Ka ja da safe ka je shago da yamma. Amma ka tsaya ka duba, keken nan in na balas ne ba naka bane, ranar da mai shi ya karɓe ko zazzaɓi ya kwantar da kai sati biyu shikenan komai ya tsaya, ga bayanka da yake shan ramuka kullum, a shekara 50 ba zai ɗauka ba wallahi. Wahalar koyo gaskiya ce, watannin farko shara ce da aike da miƙo sukudireba, wani ogan ma sai ya ga haƙurinka kafin ya barka ka taɓa allon waya, abokanka kuma suna canza shadda kai kana nan da kaya ɗaya. A nan yawanci suke gudu, kuma abin yana min ciwo don saura kaɗan hannunsu ya faɗa.

Tambaya: To in tara kuɗin a banki ko adashi mana, bai fi ba?

Amsa: Ajiya tana da kyau don ranar larura. Sai dai ka tuna farkon 2023 dala tana wajen naira 460 a farashin gwamnati, a Fabrairun 2024 ta haura 1,500, wanda ya ajiye dubu 200 kuɗinsa na nan amma buhunan da za su saya sun ragu. Tela ko mai walda ko mai haɗa sola kuwa kuɗin aikinsa ya ƙara ya bi kasuwa.

Tambaya: Na haura 30 ga mata ga yara, ban makara ba?

Amsa: Baka makara ba. In digiri kake so jami'ar karatu daga gida ta NOUN tana da cibiyoyi a Kano da Kaduna da sauran jihohi, kana aikinka kana karatu. In sana'a ce ka sami oga mai amana ku yi magana a gaban shaidu, wata nawa zaka yi, ƙarfe nawa zaka dinga zuwa, kuma yaushe zai yaye ka.